Tunkiya Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Ƙarfe uku na dare, a kan tudun Tregaron,
ruwan Maris na dukan kwanon rumfa kamar mai bin bashi.
Tunkiya mai lamba arba'in da ɗaya,
mai tsagaggen kunne, mai giɓi a baki,
tun faɗuwar rana take naƙuda.
Ta tona ciyawa, ta kwanta, ta tashi,
ta waiga tana kiran ɗan da bai zo ba.

Babana Ifor ya shafa sabulu har gwiwar hannu.
Shekara hamsin hannun nan na jawo rai daga duhu,
yau yatsa biyu kaɗai suka samu hanya.
Ya ce, "Ƙofa a kulle take, Meinir."

Ni ke riƙe da littafin gona,
don haka ni ce mai mugun baki.
Na ce, "A kasuwa fam casa'in ce, in ta yi daraja.
Tiyata ɗari da sittin, ban da ladan tashin dare,
ban da allurar kwana biyar.
Kuma wa ya ce na cikin suna numfashi?
Ba a cinikin biri a sama, Baba."
Bindiga na rataye bayan ƙyaure.
Ba wanda ya kira sunanta, kowa ya dube ta.

Ya ce, "Uwarta ce ta ja garke zuwa gida
shekarar da ƙanƙara ta binne katangar dutse."
Na ce, "Uwarta ba ta biyan kuɗin wuta."
Sai na ga yatsana ya riga ni danna waya.

Likita Tegwen ta iso da takalmin roba,
barci bai gama sakin idonta ba.
Damin ciyawa biyu suka zama gadon asibiti.
Ta aske gefen hagu, ta wanke, ta kashe zafin wurin,
ni da tocila, Baba da kan tunkiya a cinyarsa.
Wuƙa ta wuce shiru.
Tururi ya tashi kamar an buɗe tukunya.

Na fari namiji ne, ƙaton kai, harshe shuɗi.
Aka ajiye shi gefe, ba a ce komai ba.
Ta biyu kamar jiƙaƙƙiyar safa,
ba motsi.
Baba ya share mata majina da babban yatsa,
ya zura mata tsinken ciyawa a hanci.
Ɗaya. Biyu.
Ta yi atishawa.
Tegwen na ɗinki ba ta ɗaga kai ba, ta ce, "To."
Kafin gari ya waye 'yar ta sami dakashi,
wutsiyarta na rawa kamar ba a bin mu ko sisi.

Da kaka na zauna da biro.
Uwar ta warke, amma ba mu sake kai ta ga rago ba;
ta tafi a motar mahauta, fam saba'in da huɗu.
'Yar muka bari a garke.
Na tara, na ɗebe, na sake tarawa:
shafin ya ƙi cika.

Bana wata ta kwanta da irin wannan kulli,
tsohuwa, ramammiya, na cikinta sun riga sun yi wari.
Ban kira kowa ba.
Baba ya fita duba shinge, ni na sauko da abin bayan ƙyaure.
Wannan shafin ya daidaita tsaf.

Har yau in maƙwabta suka tambaye ni
ko wuƙar likita na biyan kanta,
sai in ce ya danganta:
da shekarun uwa, da saurin kira, da abin da hanci ya gaya maka.
Sauran amsar tana can kan gangare,
ƙarama, mai taurin kai,
ita ce gaba duk lokacin da garke ya doshi gida.