Abin da Sallau Ya Ji

Da sassafe take farawa,
kafin baƙin mai ya hau sama:
kas-kas-kas, kamar keken tela a daren sallah.
Wata uku ina ƙara wa rediyo murya
don kada in ji.

A Kakuri aka haɗa Fijon nan
shekarar da na fara koyarwa.
Agogon tafiyarta ya tsaya a dubu ɗari huɗu da wani abu,
ita kuwa ba ta tsaya ba.

Sallau bai kwance komai ba tukuna.
Ya kafa bakin sukundireba a murfin injin,
ya ɗora kunne a ƙota, ya lumshe ido.
"Bawul ne, Malam. Na uku ba ya zama.
Ka daɗe kana ji, ai."
Na ce iska ce ta hana ni.

Da aka ɗaga murfin na leƙa.
Kan roka ya lotsa kamar dokin ƙofar masallaci,
roba ta bushe ta zama ganda,
bakin bawul ya ƙone, ya yi giɓi.
Ashe nan man yake bi
ya fito shuɗi ta salansa
har masu Keke suna zagina a gadar Kawo.

A bayan kwalin fulogi ya yi lissafin:
bawul takwas, gaskit, wankin kan silinda a Panteka,
nasa kuɗin hannu, ya ce sai abin da na gani.
Na haɗa sau biyu.
Fanshon wata biyu da rabi, ba cefane.

Ejike na Oriakpata ya zube mini kala biyu a kan benci.
"Sabo ko Beljiyam?"
Beljiyam ɗin ma tsufan wani ne,
an wanke da fetur.
Na ɗauki huɗu, na bar huɗu sai ƙarshen wata.

Ladidi ta ce in sayar wa masu gwangwan in huta.
Na tambaya. Kilo suke aunawa.

Yanzu ga ni a kan tsohuwar taya, la'asar ta wuce,
yaron Sallau na murza bawul tsakanin tafukansa
kamar mai burga miyar kuka,
ya ɗaga, ya duba, ya shafa, ya sake.
Sallau ya ce za ta kai damina biyu
in na daina bin hanyar Kachia da lodi.
Ban gaya masa ba
ranar Asabar akwai buhu shida na citta suna jirana.