Mai Riƙon Ƙofa

Sunana Sitamatis. Shekara talatin da ɗaya
ina tsaye a bayan ƙofa guda
a tsohon dandalin dutse na Efidawurus.
Ba wanda ya taɓa yankan tikiti don ya gan ni.

Ba ma farawa sai rana ta sunkuya bayan tsauni.
Jama'a kan hau matakala da 'yan matasai a hammata,
dutsen zama bai gama amayar da zafin yini ba.
Gyare na ta zuba a cikin itatuwa,
can sai ya yi tsit, kamar an ɗaga masa hannu.
Shirun nan ba namu ba ne,
aro muke yi.

Dattawa goma sha biyu su shigo a jere,
taku ɗaya, numfashi ɗaya,
su faɗi abin da ya riga ya faru:
sarki ya toshe idon ruwa
don birnin maƙiya ya mutu da ƙishi,
ɗansa kuwa, da yake zaton teku ta ci,
yana ɗaure a kurkukun birnin.
Yaron da ke layin ƙarshe ya sani.
Matar da ke fifita da takarda ta sani.
Sarki kaɗai ke cikin duhu,
ga shi yana raha, yana cewa a kawo masa na sanyi.
Ya kurɓa a hankali. Ya zubar da sauran a ƙasa.
Na sha jin mutum dubu goma sun haɗiyi yawu tare.

Ƙyauren nan nawa yana da kuka a ƙarfensa.
Sabon darakta, Kiriyakos, ya ce in ɗiga masa mai.
Na ce to. Ban ɗiga ba.
Daren farko, da zancen ya iso kunnen sarauniya,
ba ta dafa ƙirji ba, ba ta ce uffan ba,
ta tattare gefen rigarta, ta nufo ni,
na ja ƙyauren, ya yi ƙiii a bayanta.
Washegari Kiriyakos da kansa ya ɓoye gwangwanin man.

A nan ba a zub da jini a idon mutane.
A ɗaki ake kulle shi, a bar ka da kunnenka.
Fotini, wadda ke yin ihun,
saura minti biyu tana ɓare lemo,
ta miƙo min ɓari, ta goge hannu a cinya,
ta buɗe baki.
Har yau tsikar jikina ba ta saba ba.

Sai manzo.
Na daɗe ina ƙorafi a raina:
wane irin mai kawo labari ne ba ya gudu?
Yana jan ƙafa, yana duban ƙasa,
ya fara daga nesa, daga kalar sararin sama,
alhali kowa ya ƙosa.

Bara waccan, a asibitin Argos,
na zauna kan benci ina fuskantar wata farar ƙofa,
Ebantiya matata tana ciki.
Ba ganga, ba dattawa, sai ƙugin injin sayar da kofi.
Likita ta fito.
Tana tafe irin tafiyar manzonmu,
tana zare safar hannu yatsa bayan yatsa.
Tun daga ƙarshen baranda na gane.
Duk da haka na miƙe, na cire hula,
na saurara har ta kai aya,
kamar dai mutanen da ke kan dutse.

Yanzu, bayan ihun Fotini,
an ce in ƙirga bakwai kafin in buɗe.
Sha ɗaya nake ƙirgawa. Wani daren sha uku.
Kiriyakos na zaton gwaninta ce.
Ba gwaninta ba ce.
Muddin ƙyauren na hannuna a rufe
ba wanda ya mutu tukuna,
kuma ina jin su can a sama,
dubu goma, kowa da tasa farar ƙofar,
suna roƙona in buɗe,
suna roƙona in dakata.

Daga nan in saki.
In an watse in zagaya da tocila,
in tsince matasan da aka manta.