Taki Uku

A Bradford, bayan layin Manningham,
akwai garejin da ba mota a cikinsa,
sai ni, da hita mai jan ido ɗaya,
da dogayen bencina biyu na baƙin katako
da na saya ranar da aka rufe cocin kan tudu.
Fam sittin. Mai gwanjon har ya taya ni ɗorawa.

Liman Jallo ya ce, "Taki uku ya isa.
Kada ka kai ni sama,
gwiwata ba ta son tsawo, zuciyata ma haka."
Na manta tef a gida,
sai na auna tafin ƙafarsa da igiyar takalmi,
na yi ƙulli biyu, na cusa a aljihu.

In na ajiye bas ƙarfe goman dare
sai in ɗauki zarto.
Waje dusar ƙanƙara, ciki dusar katako,
waccan ta narke a kafaɗa, wannan ta kwana a hanci.
Katakon nan ya girmi kakana.
Ƙusa uku ya lanƙwasa mini
kafin na gane ba duka yake so ba,
lallashi yake so: huda, fegi, gam, jira.

Babana masassaƙi ne a Malumfashi,
turmi, akushi, ƙotar fartanya.
Yakan ce, "Ice ne ke faɗa maka inda zai tsage."
Ban tsaya na ji ba, na bi motar haya.
Yau shekara tara da binne shi,
ga shi yana magana ta yatsuna.

Dare na huɗu aka buga ƙofa.
Tsoho Holroyd, maƙwabcina, cikin rigar barci.
Na soma shirya ban haƙuri a kan ƙara,
ashe kurfi ya kawo, naɗe a tsumma.
Ya shafa bencin hagu, ya daɗe yana shafawa.
"Nan Doreen take zama," in ji shi,
"kusa da bututun ɗumi, saboda ƙafarta."
Muka kifa bencin.
Busasshen cingam, da haruffa biyu
da wani yaro ya ƙarta da wuƙa
tun kafin a haifi ɗayanmu.
Ban sa musu samfefa ba.
Suna nan a ƙarƙashin taki na biyu,
suna kallon ƙasa.

Na rage ƙafa ɗaya fiye da kima,
mumbari ya tashi yana ɗingishi.
Holroyd ya yi dariya har da tari.
Muka daddatse sauran ukun,
Liman ya ƙara samun sauƙin da bai roƙa ba.

Rumasa'u ce ta shafa man ƙarshe,
ta ɓata hannun rigar makaranta,
uwarta ba ta yi mana magana ba sai da safe.

Ranar Juma'a mutum huɗu suka kinkime shi
zuwa masallacinmu, tsohon shagon darduma.
Liman ya ɗora dama, ya ɗora hagu,
ya dafa makarin, ya yi sallama.
Allah Ya yafe mini, ban ji huɗubar ba.
Kunnena yana wajen katako,
ina jiran ƙiiƙ ɗin da zai tona ni.
Shiru.
Sai amin, sai shuuu na tayoyi a jiƙaƙƙen titi.

Da yamma na iske Holroyd a bakin shinge.
"Ya yi ƙara?"
"Ko kaɗan."
Ya gyaɗa kai. Na miƙa masa kurfinsa,
ya mayar da hannuwa aljihu.

Guntun da ya saura daga bencin hagu
bai isa komai ba sai 'yar kujera.
Ita nake yi yanzu.
Ban faɗa masa ba tukuna.