Mita Ɗari Shida

Ran Asabar na rufe rumfar gyaran agogo a Agege,
na bi cunkoson hanyar Epe har gumi ya jiƙa wuyan rigata.
Oga Fashina, tsohon soja mai ɗingishi,
bai ba ni harsashi ba sai a mako na huɗu.
Kwanta, ya ce. Na kwanta rub da ciki
kamar ƙadangare a kan tabarmar roba.

A mita ɗari shida
allon ƙarfe ya koma ƙwayar gero cikin madubi.
Zuciya na bugawa, saiti na rawa da ita.
Ni da ke ɗaukar ƙusar agogo da hantsaki ban yi ɗar ba,
yau yatsa guda ya ƙi jin maganata.

Dubi ƙyallen can, in ji Fashina,
iskar teku ce, ta hagu take shigowa,
ba ta san sunanka ba.
Saki rabin numfashi, riƙe saura.
Kar ka fizgi kunama, lallaɓa ta.

Na harba. Ƙasa ta yi tsalle kamu biyu gefen allo,
balbelu suka tashi daga fadama.
Ya rubuta a ɗan littafinsa, bai tanka ba.

A na bakwai ƙarfen ya amsa.
Ƙarar ta makara, sai da na fid da rai ta iso,
siririya, kamar cokali a bakin kofin shayi.
Fashina ya ce: Buɗe bindiga. Tsince kwansonka.

A motar dawowa, kafaɗa na zogi,
ina kallon tutocin gidan mai
ina lissafin iska.