Ƙofar Direba

A Farin Gada, bayan ruwan la'asar ya ɗauke,
Dalyop ya kwantar da ƙofar kan tsohuwar taya
kamar ragon da za a feɗe.
Na tsuguna gefe, hannuwa cikin hammata,
sanyin Jos na cizon kunnena.

Ya fara da marfin ciki.
Kusa huɗu, ɗaya ta ƙi fita sai da ta sha zagi.
Maɓallan roba suka yi ɓas, ɓas,
marfi ya rabu da ƙarfe.
Ashe ƙofa ma tana da hanji.

"Ga injin gilashi," in ji shi, "haƙoransa sun zube.
Ga kwarin da gilashin ke bi ya hau, ya sauka.
Ga robar baki, rana ta gama da ita.
Ga kwaɗo, ga sandar da ke jan harshensa,
siririya kamar tsinken tsire.
Ita ce ta kuɓuce daga mariƙin ciki,
shi ya sa ba ta buɗuwa sai ta waje."

Na sani. Shekara tara da sanin haka.
Daga Taminus zuwa Bukur, sawu goma a yini,
in Yaya Tasi'u ya taka birki
sai ya danne gilashi da tafin hannu,
ya zura hagunsa waje, ya lalubo mariƙi,
ya buɗe wa kansa.
Fasinja su bushe da dariya, shi kuwa ya ce,
"Ba a shigar mata sai da sallama,
ba a fita sai da izini."

Dalyop bai taɓa ganinsa ba.
Amma ya girgiza maɗaurin sama, ya ce,
"Mai motar nan dogo ne, kuma mai son hira.
A nan yake rataya nauyinsa."
Ya shafa ramin da gwiwar hannu ta haƙa a matashi.
Ban ce masa komai ba.
Ban ce jiya aka yi arba'in ba.

Can ƙasa, inda ruwa ke tsiyaya ta huji biyu,
ya tura hannu ya kwaso abin da ƙofa ta haɗiye:
ɓawon gyaɗa, ƙwallon dabino,
rasit ɗin tasha da damina ta lashe,
ƙwayar carbi uku,
da ɗan kunnen Hansatu
wanda aka yi gabar kwana biyu a kansa,
har ta rantse a gidan biki ya faɗi.
Na goge shi da bakin riga, na sa a aljihu.

Yaron shago ya dawo daga Dilimi
da sanda 'yar Beljiyam, naɗe a jarida.
Maiko kaɗan, filaya ta murɗa,
aka ɗaga ƙofa mutum biyu, aka ɗaure noti.
Ta rufu tim, ba kuka, ba jan ƙafa.
Na ja mariƙin ciki da ɗan yatsa ɗaya
ta buɗe kamar ba ita ba.
Na biya, ban nemi ragi ba.

Magariba ta same ni a hawan Gangare.
Na tsaya ƙofar gida, na kashe mota,
ƙarfe yana ƙas-ƙas, yana hucewa.
Sai na ga gilashi a ƙasa,
hannuna na hagu a waje cikin yayyafi,
yana laluben mariƙi.