Mai Kallon Baya

A tafkin San Roke, da hantsi, kafin iska ta farka,
Eusebio na riƙe da sitiyari, idonsa na gaba.
Ni kuwa kujerata baya take kallo.
Shekara goma sha ɗaya ina shiga tafkin nan da ƙeya,
jar tuta kwance a cinyata.
Inda jirgi ya dosa ba ruwana,
nawa shi ne abin da ya bari a baya.

Yau Itati ce a ruwa, jikar mai gasa mana kifi.
Na ɗaure mata rigar ceto, na fizge ta daga kafaɗa,
ba ta haye kunne ba, na ce to, sauka.
Ga ta can, allo gicciye a tafin ƙafa,
gwiwa a ƙirji, hannu a miƙe,
haƙora na kaɗawa, wai sanyi ne.

Na ce, "Kada ki ja, ba ke ce mai ja ba.
Tsuguna kamar mai hura wuta,
ki bar jirgi ya yi aikinsa.
Wanda ya yi gaggawar miƙewa
shi ke fara shan tafki."

Wa ke jin magana a karon farko?
Ta ja. Ruwa ya wanka mata mari.

Tuta sama.
Eusebio ya kewayo a hankali, ta gefen da yake gani,
ya kashe inji tun da saura.
Ta haɗa hannu biyu bisa kai: lafiya lau.
Ta ce, "Don me kuke kashewa? Ai ina nesa!"
Ban amsa ba. Shi ya naɗe ƙafar wando:
layi uku a ƙwauri, fari tas, kamar an ja da awo.
Farfela ba ta san ɗan kowa ba.
Ran da ta yi masa wannan rubutu
mutum huɗu ne a jirgi, da kwalabe, da kiɗa,
duk huɗun gaba suke kallo.

Ta faɗi na biyu. Ta faɗi na uku, ta saki mariƙi da wuri.
Na huɗu ta yi kuka, ta ce ruwa ne ya shiga ido.

A na biyar ban san me ya sake ta ba.
Igiya ta miƙe, allo ya yi tari, ya tofar da kumfa,
sai ga yarinya a tsaye,
ƙafar hagu gaba, mariƙi a ƙugu,
tsakanin igiya biyu:
ta hannu tana ja, ta ruwa tana ɗagawa.
Ta ɗaga babban yatsa, wai a ƙara wuta.
Na ce wa Eusebio, "Kaɗan."
Ya ƙara rabin kaɗan.

Da la'asar ta yi tsammanin an gama.
Na miƙa mata bokiti.
Allo sai an ɗauraye, takalmansa ma, har cikin lungu,
a jingine a inuwa, don rana ɓarauniya ce, a ɓoye take cin roba.
Noti huɗu, a taɓa kowanne; ɗaya ya yi sako-sako.
Igiya kuma ba a dunƙule ta.
Bi ta da yatsa, kamu bayan kamu,
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Can wajen kamu na ashirin ta tsaya.
Zare biyu sun tashi, kusa da ƙulli.
Ta dube su, ta dubi tafkin da ya fara duhu,
ta dubi ƙwaurin Eusebio, ya riga ya sauke wando.

Ta ce, "Gobe ƙanena zai gwada.
Ki ara mini tutar."