Tungar Saja

Akawu ya ce in faɗi garin kakana.
Na ce Tungar Saja.
Ya lashi yatsa, ya buɗe littafi, ya sake buɗewa,
ya ce babu ita a ƙasar Yawuri.
Da gaskiyarsa. Ba a kan ƙasa take ba.

Sai na nufi Goggo Tumba,
ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka sha ruwan rijiyar.
Na tarar tana tsintar albasa, ba ta ko ɗaga kai ba.

Ta ce: Arzika sunansa, ɗan Bagudu,
Bagudu ɗan Hakurau,
daga nan kuma sai Allah.
An ɗebe shi soja tun gemu bai tsiro ba.
Damina biyar, ba wasiƙa, ba saƙon baka.
Aka yi masa sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in,
aka sa igiya aka raba gonar ubansa.

Ran da ya dawo daga Bama,
akwatin ƙarfe a ka, ɗingishi a hagu,
ƙannensa suka watsa masa ƙasa
su ga ko zai ɓace.
Bai ɓace ba.
Amma geron wani ya riga ya yi kai a rabonsa.
Kwana uku ya yi a zaure, ana kai masa tuwon baƙo.
Ran na huɗu ya sayi gatari.

Ya bi Kwara har inda hanya ta gaji,
gun wata giginya mai wuya biyu.
Nan ya sare sabara, ya ƙone kututture,
ya haƙa rijiya gaba bakwai da cebur ɗin soja.
Kura ta yi masa sallama daren farko,
ya amsa mata da garwashi.

Kulu 'yar Sarkawa ta zo sayar da kifi,
ta ga namiji yana daka da kansa,
ta yi dariya har ta zauna.
Zaman ke nan.
Ta haifi Nomau, ta haifi Tunau, ta haife ni,
da wasu biyu da ba su kai yaye ba.
Maƙeri ya zo daga Zuru, Bafillace ya kafa ruga,
bukka ɗaya ta zama goma sha tara.

Da rana ba ya zancen yaƙi.
Da dare yakan yi kira da wani yare,
sunaye ne, in ji Inna, yana ƙirga su,
kullum ɗaya ba ya amsawa.
Lambar da suka ba shi kuwa
da ita muke toshe ɓular tulu.

Ya rasu damina biyu kafin madatsa.
Da ruwa ya taso, muka kwashe tukwane da kaji,
muka cire ƙofar zaure.
Kabari ba ya hawa mota.

Goggo ta yi shiru, ta ƙirga mu da yatsu:
ɗan Nomau na sayar da albasa a Ikko,
jikar Tunau na allura a Birnin Kebbi,
wani ya ɓace a Kwantagora,
kai kuma ga ka, ana tambayar ka gari.

Da asuba na ɗauki hayar kwalekwale.
Muka yi nisa har tudu ya zama zare.
Ta ce a tsaya. Ta miƙa hannu ta karɓi gora,
ta zura, ta zura, har ruwa ya kai mata gwiwar hannu.
Wani abu ya amsa daga ƙasa, ƙwas.
Mai jirgi ya ce dutse ne.
Ta ce giginya ce.

Muka karanta Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya,
kifi na wucewa ta kan gidanmu.

Na koma wurin akawu ran Litinin
da laka a bakin wandona.
Ya ce, to, me zan rubuta?